Allo ya nuna kala, takarda ta fito da wata: yadda ake shirya fayil kafin a kai shi maɗaba'a

"Assalamu alaikum, Yaya. Ni ɗan Tawa ne, ina zane a Canva, wani lokaci a Photoshop. Wata makaranta mai zaman kanta ta ba ni aikin takardun tallar komawa karatu, A5 guda 2000 da afishi A3 guda 100. Na tura wa wani mai maɗaba'a a Yamai ta WhatsApp, ya buga ya sako mini a kar. Da na kwance kwali sai na tarar shuɗin ya koma shunayya, ruwan goron ya dushe, hoton yaran ya yi dishi-dishi kuma fuskokinsu sun yi duhu. Wasu takardun wuƙa ta ci lambar ƙarshe ta waya, wasu kuma da farin layi a gefe. Har ƙ da ɗ sun fito daban da sauran baƙaƙe. Mai makaranta ya ce ba zai biya ba, mai maɗaba'a ya ce abin da na aiko shi ya buga. Laifin wa ne, kuma yaya ake shirya fayil ya fito daidai?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya mayar maka da alheri. Abubuwa biyu kake tambaya, wanda zai ɗauki asara da kuma yadda za a kauce mata gobe. Zan fara da na biyun, don in ka gane shi, na farkon zai yi maka sauƙin yankewa.

Aikina ke nan a wata maɗaba'a a nan Yamai, karɓar fayilolin mutane da duba su kafin a fitar da farantin ofset, wato fallen ƙarfen da babban injin bugu ke ɗaukar zanen daga jikinsa, kowace tawada da nata. Duk ɓarnar da ka lissafa daga tushe guda take. Ka yi zane don allon waya, alhali aikin zai bi ta tawada da takarda da wuƙa, kuma kowannensu da halinsa. Mai zanen da ya daɗe a sana'a daga ƙarshe yake faro aiki. Kafin ya buɗe Photoshop ya riga ya kira mai bugawa ya ji da wane inji za a buga, a wace takarda, nawa ne girman bayan yanka, kuma wane irin fayil ake so. Takardunka 2000 mai yiwuwa ofset suka bi, afishi 100 kuma injin dijital, domin fitar da faranti huɗu saboda guda 100 bai cika yin riba ba. Ka ga aiki guda ya bi inji biyu, kuma ba mamaki in ka jera su ka ga launinsu ma bai zo ɗaya ba.

Launi

Allo da haske yake haɗa launi: ja, tsanwa da shuɗi, abin da ake rubutawa RGB, ko RVB in manhajarka da Faransanci take. Inji kuwa tawada huɗu gare shi: siyan, majenta, ɗorawa da baƙi, wato CMYK ko CMJN. Tawada ba ta da hasken kanta, sai wanda ya faɗo kan takarda ya dawo wa ido. Shi ya sa akwai launukan da allo ke nunawa waɗanda babu yadda za a cuɗa tawada huɗun nan su bayar. Shuɗi mai ƙyalli, tsanwa mai ɗaukar ido da ruwan goro mai zafi su ne a sahun gaba. Abin takaici biyu daga cikinsu suna jikin tutar ƙasarmu, don haka kusan kowane aikin hukuma ko na makaranta sai an yi wannan gardamar.

In ka aiko fayil a RGB, dole a juya shi zuwa CMYK, ko kai ka juya kana gani, ko injin mai bugawa ya juya ba tare da ya tambayi kowa ba. Shuɗin allo tsantsa idan aka juya shi yakan fito da siyan da majenta kusan kai ɗaya, kuma a takarda majenta mai yawa shunayya take bayarwa. Maganinsa shi ne ka rubuta lambobin kowace tawada, bisa ɗari, da hannunka: siyan 100, majenta 60 zuwa 70, ɗorawa 0, baƙi 0. Ka bar tazarar aƙalla 30 tsakanin siyan da majenta. Ruwan goro kuma majenta 50 zuwa 60 da ɗorawa 100, kada siyan ko baƙi su shiga ko kaɗan, domin su ne ke sa shi ya koma kamar ƙasa. Ba zai kai na allo zafi ba, amma zai fito da tsabta. Wanda ya nace sai launi takamaimai, kamar banki ko kamfanin waya, tawadar Pantone ake haɗa masa a matsayin faranti na biyar, kuma kuɗinsa daban. Makarantar unguwa ba ta bukatar wannan.

Akwai kuma abin da ake kira furofil, wanda ke gaya wa manhaja irin takarda da injin da ake nufi. Photoshop da yawa suna zuwa a kan na Amurka, SWOP. Mu a nan takardunmu a ma'aunin A4 da A3 suke, injinanmu galibi na Turai ne, don haka in mai bugawa bai faɗi nasa ba, Coated FOGRA39 ya fi kusa da gaskiya a takarda mai santsi. A Canva, zaɓin CMYK yana wurin sauke PDF na bugawa, amma sai mai biyan Pro. In ba ka da shi, ka faɗa wa mai bugawa ƙarara cewa fayil ɗin RGB ne, ka nemi ya juya ya nuna maka.

Baƙi ma iri biyu ne, kuma nan ne na fi ganin ɓarna. Rubutu ƙanana baƙi tsantsa ake yi musu, K 100, wato baƙar tawada 100, sauran ukun sifili. Baƙin da Photoshop ke bayarwa da kansa kuwa cakuɗe ne na tawada huɗu, kusan siyan 75, majenta 68, ɗorawa 67 da baƙi 90. In ka rubuta lambar waya da shi, sai faranti huɗu sun sauka wuri guda daidai wa daida, kuma takarda tana motsi. Ka sa madubin ƙara girma a kan irin wannan rubutu ka gani: kowane harafi da ɗan jan gemu a gefe guda, shuɗi a ɗaya gefen. Haka ma ƙyu'ar kod, a yi shi da baƙi tsantsa a kan fari, kada ya gaza santimita 2. Babban fili baƙi ne kawai ake ƙara wa wasu tawada don ya yi ƙirin, misali 60, 40, 40 da 100. Jimillar tawada a wuri guda kada ta wuce 300. In ta wuce, bushewa na wuya, musamman da damina, sai ka ga bayan kowace takarda ya kwashi zanen ta ƙarƙashinta.

Fuskokin yara kuma, dalilinsu biyu. Allon wayarka a ƙure yake da haske, sai kake ganin hoto ya fi yadda yake haske. Sannan ɗigon tawada yana ɗan bajewa in ya hau takarda, wurare masu duhu su ƙara duhu. Fatarmu tana cikin wannan yankin, don haka hoton da Bature zai buga ba gyara, namu sai an ɗaga masa tsakiyar haske kaɗan, an rage siyan da baƙi a fuska. Kaɗan fa na ce. Na ga waɗanda suke wuce gona da iri har ɗan takara ya fito kamar ya shafa toka.

Hoto

Dishi-dishin da ka gani lissafi ne kawai. Abin da za a riƙe a hannu ana so masa ɗigo 300 a kowane inci, kusan fiksel 118 a santimita guda. Lambar ba daga sama ta faɗo ba. Ofset yana fasa hoto zuwa layukan ɗigo, galibi 150 a inci a takarda mai santsi, kuma ana so hoton ya ninka wannan sau biyu. Hoton da zai cika A4 yana bukatar fiksel 2480 da 3508. Na A3 kuma 3508 da 4961.

To, WhatsApp in aka tura masa hoto ta hanyar da kowa ya saba, matse shi yake yi, ya dawo da dogon gefen wajen fiksel 1600. Raba 1600 da 118, ka samu santimita 13 da rabi. Iyakar girman da hoton zai yi kyau ke nan. Kai kuma ka shimfiɗa shi a A3 mai tsawon santimita 42, ɗigonsa ya faɗo ƙasa da 100. Kuma ina kyautata zaton sau biyu aka matse shi, lokacin da mai makaranta ya turo maka hoton, da lokacin da ka tura zanen Yamai. Ka nemi hoton asali daga wayar da ta ɗauka, a turo shi a matsayin takarda, ta wurin alamar maƙala, ko a sa maka a kile, wato ɗan abin ajiyar fayil da ake cusawa a kwamfuta. Shiga Photoshop ka mayar da ɗigo 72 ya zama 300 ba ya ƙara komai, kamar ƙara wa miya ruwa ne don baƙi sun yi yawa, tukunya ta cika amma naman nan dai shi ne. Manhajojin da ke ƙara girman hoto da basirar na'ura suna taimakawa a gini ko itace, amma a fuska sai ka duba da kyau, don sukan ƙirƙiro ido da haƙoran da ba na mai hoton ba.

Tambarin makaranta kuwa bai kamata ya zama hoto ba sam. Zanen layi ake so, wanda ake kira bekta, irin na Illustrator, CorelDRAW ko Inkscape, wanda ko an ja shi ya kai bango ba ya fashewa. In abin da suke da shi hoton hatimi ne da aka ɗauka da waya, sake zana shi za ka yi, ka kuma sa kuɗin wannan a lissafinka.

Dokar ɗigo 300 ba ta hau kan babban bashe, wato ledar talla ta bakin titi, ba, tunda daga nesa ake kallonsa. Ɗigo 100 a girmansa na gaskiya ya isa, manya sosai ma ƙasa da haka. Sai dai ka tabbatar da ma'auni. In ka ƙetara Konni ka kai aiki Sakkwato, da ƙafa suke awo, mu da mita. Bashen "3 da 2" a can bai kai mita ɗaya ba a tsawo.

Wuƙa

Ba a buga A5 a takardar A5. Ana jera guda da yawa a babban falle, a buga, sannan a tara ɗaruruwa a danne su a yanke da masiko, wato injin yankan takarda. Ka tsaya kusa da mai yanka wata rana. Yana buga tarin a jikin ƙarfe don bakinsa ya daidaita, ya taka, wuƙa ta sauko ta ratsa su gaba ɗaya. Duk ƙwarewarsa, ta sama da ta ƙasa sukan saɓa da milimita ɗaya, wani lokaci biyu, balle da hunturu da takarda ke bushewa tana lanƙwashewa. Idan wuƙa ta kauce waje, farin layi ya bayyana. Idan ta kauce ciki, ta ci abin da ke bakin. Ka samu duka biyun a kwali guda.

Saboda haka ake barin rara a gefe, abin da masu maɗaba'a a nan ke ce wa fond perdu. Launin bango da hotunan da suka taɓa baki su zarce da milimita 3 ta kowane ɓangare. A5 milimita 148 da 210 ne, fayil ɗinka ya zama 154 da 216. Katin sana'a mai 85 da 55 ya zama 91 da 61. Daga ciki kuma rubutu, tambari da lambar waya su ja baya da aƙalla milimita 4 ko 5 daga inda za a yanka. Siririn layin da ake kewaye takarda da shi kusa da baki, wanda masu katin biki ke ƙauna, ni ina hana shi, domin ko rabin milimita wuƙa ta kauce ido zai gani. A Canva akwai wurin da ake kunna nuna rarar bugawa tun kana zane, sannan a wajen saukewa ka zaɓi alamun yanka da rara. Kunnawa kawai ba ta wadatar, sai ka ja bangon da hannu ya cika wurin.

In littafi ne mai ƙusa a tsakiya, shafukansa su rabu da 4: 8, 12, 16. Ka turo su ɗaya bayan ɗaya a jere, jera su a falle aikinmu ne.

Baƙaƙenmu masu lanƙwasa

Yawancin salon rubutun ado da ake saukewa kyauta ba su da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. In manhaja ta neme su ta rasa, sai ta aro daga wani salon ta cusa, shi ne ka ga sun fi sauran ƙiba ko sun karkace. Wani lokaci ma akwati ne fanko ke fitowa. Kafin ka ƙaunaci wani salo, rubuta "ƙwaɓi, ɗanɗano, ƴaƴa" da manya da ƙananan baƙaƙe ka duba. Noto Sans da Noto Serif na Google suna da su, haka Charis, Gentium da Andika na SIL, kuma duk kyauta ne. Wasulan Faransanci masu alama a ka ma a duba su, tunda takardunmu galibi harshe biyu ne.

Larabci ya fi haɗari. Manhajar da ba a saita ta don rubutun dama zuwa hagu ba takan wargaza baƙaƙen, kowanne ya tsaya shi kaɗai, ko ta juya jerin. Wanda bai iya karatun ba ba zai lura ba. In akwai Bismilla ko aya a aikinka, malami ya karanta samfurin da idonsa kafin a buga. Wannan ba wurin ganganci ba ne.

Hanyar da ta fi tsaro ita ce bayan an gama gyaran rubutu ka ajiye fayil ɗinka na aiki, ka yi kwafi, a kwafin ka mayar da duk rubutu zanen layi. A CorelDRAW Ctrl da Q ne, a Illustrator Ctrl, Shift da O. Daga nan ko kwamfutar mai bugawa ba ta da salonka ba abin da zai sauya. Illarsa ita ce ba a iya gyara kuskure a ciki, shi ya sa na ce ka ajiye na asali.

Abin da za ka tura

PDF za ka tura. JPG da PNG a RGB suke fitowa daga Canva, PNG ma ba ya ɗaukar CMYK ko kaɗan. Word da PowerPoint kuwa sukan sake jera kansu a kowace kwamfuta. Fayil ɗin CorelDRAW ma in sigarka ta fi ta mai bugawa sabunta ba zai buɗu ba. Akwai nau'in PDF da aka tanada musamman don maɗaba'a. PDF/X-1a yana tilasta komai ya zama CMYK, yana cusa salon rubutu a ciki, yana kuma daddale inuwa da abubuwa masu shara-shara. PDF/X-4 ya fi sabunta, yana barin su yadda suke don inji ya sarrafa. Inda ba ka san shekarun injin ba, X-1a ya fi kwanciyar hankali, ko da yake yakan nuna wasu siraran fararen layuka a allo waɗanda galibi ba sa fitowa a takarda.

Buɗe PDF ɗin a kwamfuta, ba a waya ba, ka ƙara girmansa zuwa 300 ko 400 bisa ɗari ka bi shi lungu-lungu. Kira lambar wayar da ke jiki ka ji wa zai ɗauka. Sunan fayil ya faɗi komai, misali makaranta_A5_gaba-da-baya_2000_135g, kada ya zama "na ƙarshe 2". Takarda ma a rubuce: gram 135 mai santsi ga takardar talla, 300 ko 350 ga kati, 80 ga wadda za a cike da biro, domin biro ba ya son santsi.

Sai samfuri. Maɗaba'a mai tsari ba ta kunna inji sai mai aiki ya amince a rubuce, abin da muke kira BAT. Na san nisan Tawa da Yamai ya haura kilomita 500, kuma mai makaranta yana ƙirga kwanakin komawa karatu a Oktoba. Duk da haka falle guda a ambulan ya kwana a kar ya fi kwali guda na asara. Hoton samfurin da za a turo maka ta waya zai nuna maka yanka da rubutu, amma ba zai gaya maka gaskiyar launi ba, tunda allo ya sake komawa. In lokaci ya ƙure, ka sa wani naka a Yamai ya je ya duba a hasken rana, ba ƙarƙashin farin ƙwan shago ba. Shi ma mai makarantar ya sa hannu, don gobe kada ya ce ba haka ya gani ba. Ka kuma sani samfurin injin dijital kusa yake kai ka, ba ya zama ɗaya da ofset ɗari bisa ɗari.

Laifin wa ne

Ban ga fayil ɗin ba, ban ga takardun ba, don haka abin da ka faɗa kawai zan bi. Rashin rara, ƙaramin hoto, RGB da salon rubutu duk daga wurinka suka taso. Amma "abin da ka aiko na buga" ba hujja ce cikakkiya ba. Fayil mara rara da hoton da bai kai ɗigo 100 ba ana gane su cikin minti biyu, kuma wanda ya karɓi kuɗin 2000 ya kamata ya ɗaga waya kafin ya ƙona faranti. In bai turo maka samfuri ba kuma bai gargaɗe ka ba, yana da nasa kason. In ya yi maganar ka ce masa "buga kawai, muna sauri", to ka ɗauke masa nauyin.

Abin da na ga ana yi a irin wannan shi ne a raba asarar: shi ya yafe ladan inji, kai ka biya takarda da faranti. Ka je masa da lalama, don za ka sake bukatarsa. Kafin nan zauna ka tsince takardun. Waɗanda lambar waya ta cika kuma farin layin siriri ne, mai masiko a nan Tawa zai iya aske musu milimita ɗaya ta gefen da ba rubutu, su rabu a kasuwa da ƙofar masallaci ba wanda zai ce uffan. Ka nuna wa mai makaranta su, ka rage masa kuɗi. Afishin A3 kam sake su za a yi, kuma kada ka soma sai hoton asali ya zo hannunka.